Maganin da Ba a Zuba a Ruwanmu Ba

Zuwa ga Inna Yeom, mai shafin ba da shawara,

Yau Litinin, 17 ga Nuwamba, 2003, ƙarfe sha biyu da minti ashirin na rana. Ina zaune ni kaɗai a ɗakin gwaji na matatar ruwan garinmu. Abokan aikina duk sun fita shan miyar kifi a bakin kasuwa, ni kuwa na ce musu cikina ke ciwo. Cikina lafiyarsa ƙalau. Don Allah, Inna, ki taimake ni, kuma ki taimake ni kafin Asabar 29 ga wata, domin bayan wannan rana ko shawarar ta zo ba ta da sauran amfani.

Na canza sunayen mutane, kuma ba zan kama sunan garin ba. Ya isa in ce yana kudu, tafiyar awa huɗu da kwata daga Seoul a bas, kuma mutanensa dubu ɗari da tara ne a ƙidayar bara. Shekarata ashirin da huɗu. Na karanta ilimin sinadarai, na ci jarrabawar shiga aikin gwamnati a karo na biyu, na kama aiki ranar 1 ga Yuli. Har yanzu ina cikin wata shida na gwaji. Wanda zai rubuta ko a tabbatar da ni ko a sallame ni a ƙarshen Disamba shi ne shugaban sashenmu, zan kira shi Mista Tak. A ofis ba mai kiran sunana. Auta ake ce mini, saboda ni ce ƙaramar kowa, ni ke haɗa kofi, ni ke juya nama a kan wuta in an fita cin abincin ma'aikata.

Bara majalisar garinmu ta yanke shawarar a riƙa zuba fuloraid a ruwan famfo don rage ruɓewar haƙori ga yara, kamar yadda wasu garuruwa suka riga mu. Ma'aunin da ake so shi ne miligiram sifili da ɗigo takwas a kowace lita. Aikina shi ne in auna kullum in ga an kai hakan, ba a kuma wuce ba. Ranar 1 ga Satumba aka yi bikin buɗewa. Magajin gari ya zo da farar safar hannu, ya yanke ƙyalle, ya danna wani babban maɓalli gaban kyamarori, wata shuɗiyar fitila ta kama a saman injin, 'yan makaranta suka yi waƙar goge haƙori, kowa ya tafa. Ni ce na riƙe farantin da almakashin ke kai.

Washegari na auna. Ɗigo ɗaya. Sifili da ɗigo ɗaya ke nan, shi ne abin da ruwan koginmu ke ɗauke da shi tun asali, tun kafin a haifi magajin gari. Na ɗauka ni ce na yi kuskure. Na wanke kwalabe, na sake. Ɗigo ɗaya. Mako guda ina zargin kaina, har na ɗauko littattafaina na aji biyu ina dubawa ko akwai abin da na manta. A ƙarshe na je na tsuguna bayan injin, na bi wayar maɓallin da hannuna. Inna, wayar ta tashi daga maɓalli ta tafi fitila, a nan ta ƙare. Na ƙwanƙwasa tankin maganin, ya amsa kamar ganga.

Na je wurin Mista Tak, na rusuna, na yi masa bayani. Bai ɗago kai daga jarida ba. Ya ce, “Auta, fitilar tana ci?” Na ce tana ci, Yallabai. Ya ce, “Wane launi?” Na ce shuɗi. Ya ce, “To madalla. Je ki haɗa mini kofi, sukari cokali biyu.”

Sai bayan kwana goma, a wurin cin abincin ma'aikata, da ya sha giyarsa ta soju ya kai kwalba ta biyu, ya jawo ni gefe ya faɗa mini yadda aka yi. Ofishin magajin gari ne ya tsayar da ranar biki, maganin kuwa sai bayan mako biyu zai iso. Aka ce mako biyu wa zai mutu, a haɗa fitila a yi biki, in motar magani ta zo a zuba shiru. Sai ga guguwar nan da ta faɗo mana washegarin bikin girbi na Chuseok, ta cika ɗakin ajiyar kamfanin maganin da ruwa. Mako biyu ya zama wata biyu. Kafin nan kuwa daraktan matatarmu ya riga ya hau bene ya gaya wa magajin gari da bakinsa cewa komai na tafiya daidai, magajin gari kuma ya riga ya faɗa a talabijin cewa jikansa ya daina kukan haƙori. Mista Tak ya ce, “Yanzu ni in je in ce wa darakta abin da ya faɗa ba haka yake ba? Shi kuma ya hau sama ya ce wa magajin gari, ranka ya daɗe, abin da ka danna gaban duniya makunnin fitila ne? Ke wai a jami'ar taku ba a koya muku girman manya? Zuba mini, da hannu biyu.” Na zuba masa da hannu biyu.

Ina so in yi masa adalci, domin ba mugu ba ne. Shekararsa ashirin da bakwai a matatar nan. Lokacin guguwar kwana uku ya yi bai je gida ba, yana tsaye cikin ruwa har ƙugu, kuma famfon garinmu bai ɗauke ko na awa ɗaya ba. Saura shekara biyu ya yi ritaya. Bai taɓa ce mini in rubuta ƙarya ba. Ina rubuta ɗigo ɗaya kullum, shi kuma yana buga hatiminsa yana kallon taga.

Maganin ya samu tun 3 ga Nuwamba. Amma ba za a iya kawo shi ba, domin masu adawa da fuloraid sun kafa tanti a bakin ƙofarmu tun ranar biki, kuma duk motar da ta shiga sai sun leƙa ta. In suka ga tankar magani ta farko yanzu, za su tambayi abin da aka yi wata biyu da rabi ana zubawa. Mista Tak ya ce a jira sanyi ya kore su. Makon jiya wani mai shagon kayan gini ya ba su kyautar murhun kananzir. Yanzu dankali suke gasawa a kai, har maigadinmu suna sam masa.

Abin da ke hana ni barci, Inna, shi ne maganin da ba a zuba ba yana aiki. Yana aiki sosai, ta ɓangare biyu. A taron jin ra'ayin jama'a na watan jiya, likitan haƙori Dakta Ok ya hau mumbari da zane-zane, ya ce ruɓewar haƙori a makarantun firamare ta ragu da kashi goma sha biyu cikin ɗari. Ko da an zuba maganin, irin wannan sakamako shekaru yake ɗauka, ba mako bakwai ba. Sai shugabar masu adawa, zan kira ta Gwaggo Pyo, ta tashi da leda a hannu. Gashi ne a ciki, ta ce nata ne, daga magudanar banɗakinta ta kwaso. Ta ce, “Likita, kai dai ƙirga haƙori, mu muna ƙirga gashi. In mun zama masu sanƙo da fararen haƙora, wa zai kalli haƙoran?” Wani dattijo ya ce kifayen adonsa huɗu sun mutu. Wata ta ce shinkafarta ta daina kumbura. Wata kuma ta ce mijinta ya zama salihi, ko musu ba ya yi da ita, kuma ita ba haka ta aure shi ba. Aka yi awa uku ana ihu. Ni aikina a wurin shi ne raba ruwan kwalba a kan babban tebur, domin daga masu goyon baya har masu adawa ba wanda ya yarda a ajiye masa ruwan famfo.

Duk wannan da zan iya haɗiye shi har Janairu. Matsalar ita ce Mama.

Mama shekararta sittin da ɗaya. Ta yi shekara ashirin da biyu tana sayar da dafaffen mahaɗin shinkafa a kasuwa, a tsaye, da haka ta biya mini makaranta bayan rasuwar Baba. A watan Afrilu aka yi mata aiki a gwiwar dama, ta bar rumfar. Likita ya ce kada ta ɗauki abin da ya wuce kilo biyar. Gwaggo Pyo ƙawarta ce tun suna 'yan mata, a bene ɗaya muke, mu a hawa na uku, ita a na biyar. Tun ranar biki Mama ta ɗaure bakin famfon kicinmu da leda da roba. Ta ce tana jin ɗanɗanonsa, wai kamar mutum ya tsotsi tsabar kuɗi. Kullum da safe tana hawa dutsen da ke bayan unguwarmu da jarka mai lita ashirin, ta ɗebo ruwan marmaro tare da sauran dattawa. Lita ashirin kilo ashirin ne, ban da nauyin jarkar.

Na gwada. Na ce, Mama, ruwan famfon nan ba komai a cikinsa. Ta ce, “Haka suka ce ki ce. Ci abincinki.” Na ce, Mama, ni ce fa nake aunawa. Ta ce, “To ai shi ya sa. Wanda ya yi girki ya taɓa cewa miyarsa ta yi gishiri?” Kuma duk safiya sai ta cika mini gora da ruwan dutse ta sa a jakata, ta ce, “Kada ki sha nasu. Ki zuba wa mutane in dole ne, aiki aiki ne, amma ke kada ki sha.” A unguwa ta gaya wa mutane a ɓangaren gyaran bututu nake.

Wannan gorar ce ta jawo mini ƙarin damuwa. Wata rana da babu kowa na zuba kaɗan a na'ura, ba da izinin kowa ba, na san laifi ne. Ɗaya da ɗigo ɗaya. Na maimaita sau uku a ranaku daban-daban, amsar ba ta canza ba. Dutsen namu irin wanda ke sakin fuloraid ne da kansa. Wannan adadi bai kai iyakar da doka ta hana ba, ba zai cutar da ita ba, ina so wannan ya fito fili. Amma gaskiyar ita ce, a duk garinmu mutanen da ke shan fuloraid su ne masu adawa da shi, kuma a bayansu suke goyo shi su sauko da shi daga dutse.

Za ki ce in gaya mata duka kawai. Inna, ba ki san Mama ba. Lokacin da na faɗi jarrabawa karo na farko, ta rantse ba wanda zai ji. Da yamma na je sayen kifi, mai kifin ya ƙara mini ɗaya ya ce in yi haƙuri, baɗi ma shekara ce. Kuma Mama ce ke kai abinci tantin nan duk Talata da Juma'a. In na faɗa mata da safe, kafin rana ta take Gwaggo Pyo ta ji, kafin yamma yana bakin lasifika. Mu uku ne muka san tankin ba komai, ni da Mista Tak da mai gyaran da ya haɗa fitilar, shi kuwa ya koma wani gari. Ba sai an yi bincike ba za a san bakin wa ya yoyo.

Yanzu ga ranar kimci ta zo, wato kabejin da ake tsimawa da gishiri da barkono a tulu. Asabar 29 ga wata gidaje biyar na benenmu za su haɗu su yi kimcin hunturu, kamar kowace shekara, kabeji ɗari da hamsin. Gwaggo Pyo ta yanke hukunci cewa ba ganye ɗaya da zai taɓa ruwan famfo, wai bara a wani gari fuloraid ya sa kimci ya yi laushi kafin sabuwar shekara. Bayan an jiƙa kabeji a gishiri ana ɗauraye shi sau uku. Na yi lissafi, ko an yi tsimi ana bukatar lita ɗari shida, wato jarka talatin. Su biyar ne, ƙaramarsu shekararta hamsin da takwas. Kowacce shida ya kamata ta ɗauko. Mama ta ce ita takwas za ta ɗauko, ban da na shan gida. Na tambaye ta dalili, ta ci gaba da ɓare tafarnuwa, can ta ce, “Su 'ya'yansu ba a can suke aiki ba.”

 Ashe kunyar aikina take biya da gwiwarta.

Jiya Lahadi ta daɗe ba ta dawo ba, na bi ta. Na same ta zaune a kan matakala a tsakiyar hanya, jarka tsakanin ƙafafunta. Da ta gan ni sai ta ɗaga kai sama ta ce, “Dubi ganyen nan yadda ya yi ja, bana ya fi na bara.” Itacen da take nunawa ba ganye ko ɗaya a jikinsa. Na ɗaga wandonta, gwiwar ta kumbura ta yi sumul, da zafi. Na ɗauki jarkar, ta dafa kafaɗata muka sauko. A hanya ta ce, “In kika gaya wa Pyo na zauna, ba ni ba ke.” Yau da safe kafin in fito na ji tana ɗauraye jarkar.

Na yi tunanin rubuta wa jarida ba suna, sai na ga ai sunana ne a kan awon. Na yi tunanin in buɗe wa tankar ƙofar baya da kaina, amma ƙofar baya faɗinta mita biyu da ɗigo huɗu ne, tankar kuma biyu da rabi. Na auna. Na yi tunanin in cika jarkunan da ruwan famfo a ɓoye in ce na dutse ne, amma in ta gane, ba za ta sake karɓar ko kofin shayi daga hannuna ba. Wannan aikin shi ne abin da ta tsaya shekara ashirin da biyu a kasuwa dominsa. In na rasa shi saboda ita, ban san ko za ta yafe mini ba, kuma in gwiwar ta lalace saboda shi, ni ba zan yafe wa kaina ba.

Na ji muryoyin abokan aikina a waje, sun dawo, dole in tsaya. Ga abubuwan da har yanzu ban sani ba. Ban san ko darakta da gaske bai sani ba, ko ya san ya fi masa sauƙi kada ya sani. Ban san inda Dakta Ok ya samo kashi goma sha biyu ba. Ban san abin da ya kashe kifayen dattijon nan ba. Ban san ko gashin ledar duka na Gwaggo Pyo ne ba, domin akwai fari a ciki ita kuwa tana rini. Ban san ko ɓoye abin da ba a yi ba laifinsa ɗaya da ɓoye abin da aka yi. Ban san jarka nawa gwiwar Mama za ta iya ɗauka kafin ta ƙi ba, kuma wannan ne kaɗai ba na so in auna.

Taki cikin damuwa,
Auta Mai Awo

*

Auta 'yata,

Da farko, na bar yawan mutanen garinku da nisansa daga Seoul yadda kika rubuta, domin na ga in na taɓa miki lamba ɗaya ba za ki yi barci ba. Amma ki sani, wanda ya ɓoye sunan gari ya faɗi ƙidayarsa bai ɓoye komai ba. Shafin nan yana fita ranar Alhamis. Ina jin da safiyar nan shugabannin matatun ruwa da dama za su tsuguna bayan injinansu su bi waya da hannu, kuma hakan ba zai cutar da ƙasa ba. Mista Tak ɗinki kuwa kin ce mai karanta jarida ne. Saboda haka zancen ko za a sani ya wuce. Abin da ya rage shi ne daga bakin wa za a ji, kuma da wane tsari.

Ba zan raba gardamar fuloraid ba. Likitocin haƙori da yawa suna da hujjarsu, kuma matar da ta tambayi abin da ake zuba mata a ruwa ba mahaukaciya ba ce, haƙƙinta ne. Wannan muhawara ta mutanen garinku ce. Sai dai ba za su iya yin ta a kan tankin da babu komai ba. Wata biyu da rabi ke nan suna zage-zage a kan fitila. Kin tambaya ko ɓoye abin da ba a yi ba laifi ne. Laifi ne. Ruwan na masu shansa ne, kuma labarin abin da ke cikinsa, ko abin da babu, nasu ne. Ba sirrin ofis ba ne da aka ba ki amana.

Na fahimci Mista Tak, na kuma yarda da ke cewa ba mugu ba ne. Na san irinsa da yawa. Za su shiga ruwa har ƙugu don jama'a, amma ba za su iya hawa bene hawa ɗaya su ce wa na sama an yi kuskure ba. Sai dai ki lura da abu guda. Sanyi ba zai kori matan da ke da murhu da dankali ba. Maganar za ta fito, ko yanzu ko a Janairu. Ranar da ta fito daga wani bakin, manya za su taru su tambaya wa ke awo kullum, me ya sa ba ta ɗaga murya ba. Ba a taɓa rasa auta a irin wannan rana ba. Shirun da kike gani yana kare miki aiki, shi ne ya fi kusa da cinye shi.

Gobe Juma'a ki same shi da safe, shi kaɗai, ba gaban mutane ba, ba kuma a wurin soju ba. Ki rusuna yadda kika saba. Kada ki yi masa barazana, kada ki yi masa wa'azi. Ki gaya masa zancen gwiwar mahaifiyarki kamar yadda kika gaya mini, ki ce ranar Lahadi za ki faɗa mata gaskiya, kuma kin zo ne don kada ya ji a lasifika. Sannan ki miƙa masa tsanin sauka, domin mutum irinsa ba ya tsalle. Guguwar gaskiya ce, kowa ya gan ta, ta jinkirta abubuwan da suka fi wannan girma. Ya hau da wannan wurin darakta, da bakinsa, kafin Litinin. Za a ji kunya, za a yi faɗa a bayan ƙofa. Amma ki tuna masa cewa wannan yana nufin sabon bikin buɗewa, kuma ni a shekaruna ban taɓa jin magajin garin da ya ƙi yanke ƙyalle sau biyu ba.

Ba zan yi miki alkawarin za a tabbatar da ke ba. Yana iya riƙe ki a zuci. Ki adana awonki na gaskiya, shi ne shaidarki, kuma in ya rubuta miki mummunan rahoto akwai inda ake kai ƙara. Amma na fi zaton mutumin da bai taɓa ce miki ki rubuta ƙarya ba ya daɗe yana jiran wanda zai tura shi.

Yanzu mahaifiyarki. Ki zaunar da ita ki faɗa mata duka, har wayar da kika bi da hannu. Ki bari ta gaya wa duniya, wannan karon bakinta aikin gwamnati zai yi. Amma zancen ɗaya da ɗigo ɗaya na marmaro, ki ajiye shi sai bayan an rufe tulunan kimci, kuma ki faɗa mata ita kaɗai, ba gaban ƙawarta ba. Ba ƙarya za ki yi ba, jeri za ki bi. Matar da ta yi shekara ashirin da biyu cikin hayaniyar kasuwa, aka zaunar da ita a hawa na uku da gwiwa mai ɗinki, ba ruwa kaɗai take nema a kan dutsen nan ba. A can ake gaishe ta, a can ake tambayarta ra'ayi. Kada ki ƙwace mata dutsen. Jarkar kawai za ki ƙwace. In likita ya yarda ta hau, ta hau da sanda da kofi ɗaya a aljihu.

Kuma ki gaya mata abin da ba ki faɗa ba tukuna, cewa ba ki yi abin kunyar da za ta biya ba. Tana iya ƙin yarda da awonki. Wannan kuwa ina jin za ta ji shi.

Gwiwar ba za ta jira Lahadi ba. Yau ki kai ta asibiti, ko tana zagi. Daga gobe da asuba kuma, duk jarkar da aka rubuta da sunanta taki ce, ki ɗauko ta kafin ki tafi aiki, har ranar da kika yi magana. Za ki ga yadda lita ashirin a gadon baya take saurin buɗe bakin mutum.

Allah ya ba ta sauƙi, ya sa kimcinku ya kai bazara da ƙarfinsa, ke kuma ya zaunar da ke a kujerarki da kanki a ɗage.

Inna Yeom